Gwaggon da Ta Rataya wa Mujiya Randa

Ranar da Gwaggo ta rasu sai da muka aro tabarmi daga gidaje huɗu, duk da haka wasu matan a kan gyalensu suka zauna har bakin rijiya. Ina tsakar gida ina karɓar gaisuwa, idona a kumbure, amma Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana kan fuskoki. Na san waɗanda suka zo. Na kuma san abin da bakin kowace ya taɓa faɗi a kan wannan baiwar Allah da aka lulluɓe a ɗaki.

Matar mai shagon atamfa, wadda a da take rufe wa jikokinta ido idan Gwaggo za ta wuce, ita ce ta riƙe hannuna tana cewa, "Ni dai tun farko na san mutuniyar kirki ce." Na ce mata Allah Ya ba da lada, na haɗiye sauran. Baba, wanda shi ne ƙanen marigayiyar, yana zaune a zaure bai ce wa kowa komai ba sai "Yaya ta tafi", ya maimaita wa duk wanda ya miƙa masa hannu, kamar shi ma yanzu ake gaya masa. Maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, 'yar Eggon ce, daga coci ta wuto da ɗankwalinta na zumuntar matan coci a ka, ta zube a ƙofar ɗakin tana kuka tana cewa, "Mama, wa zai yi mini faɗa yanzu? Wa zai duba mini murfin tukunya?" Mijinta kuwa, Mai Inji, wanda yake da injin niƙa a bakin layinmu na Bukan Sidi, ya tsaya a waje da hula a hannu, ya tambayi liman ko an yarda Kirista ya taya haƙa kabari. Liman ya ce masa ai ƙasa ce za a haƙa, ya je ya ɗauko diga.

Wanda bai san layinmu ba zai ce haka ake yi wa kowace tsohuwa. Ba haka ba ne. Akwai shekarar da ko ruwan rijiyarmu ba a sha saboda ita, kuma wannan Mai Injin shi ne ya tsaya a gaban Mai Unguwa ya kira ta mayya. Yaran da suka taso yanzu ba su san wannan ba, randunan da ke rataye a gidajensu kawai suke gani. Shi ya sa na zauna na rubuta, kafin mu da muka gani mu bi ta.

Gwaggo ba ta ji da kunnen hagu. Da ƙuruciyarta ta yi aikin shara da wanke-wanke a wani asibitin mishan can wajen tsaunuka. Wani zazzaɓi ya shigo asibitin, ya kwantar da su su uku da ke aiki ɗaki ɗaya, biyu suka mutu, ita ta tashi da kunne ɗaya. Bayan wani lokaci wasu likitoci suka zo suna ɗana tarko a ƙauyukan da ke kewaye, ita ke wanke musu kwanoni. Ɗaya daga cikinsu ya kira ta, ya juya mata wani ɗan ɓera da awartaki, ya nuna mata cikinsa: nonuwa jere biyu tun daga ƙirji har gindin wutsiya. Ya ce wannan ne ke ɗauke da ciwon, a fitsarinsa da kashinsa yake zuba shi cikin abinci, shi kuwa ko atishawa ba ya yi. Ciwon da yanzu kowa ya san shi da zazzaɓin Lassa ke nan. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma tun daga ranar ta ɗauki ɓera ta sa a ranta, ta yi shekara arba'in tana tunaninsa.

Da mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya rayu, sai Baba ya ɗauko ta ta dawo wurinmu. Sana'arta alabo: ta sayo rogo daga Adogi, ta fere, ta jiƙa, ta shanya. Duk matan da ke wannan sana'a a gefen titi suke shanya, a ƙasa, su bar shi ya kwana. Ita kuwa ta sa aka kafa mata rumfa mai tsawon ƙirji, ta naɗe ƙafafun rumfar da gwangwanin da aka buɗe don kada wani abu ya hau, kuma kafin rana ta faɗi ta kwashe ta zuba a duro ta rufe. Murfi shi ne addininta na biyu. Idan ta shigo kicin ta ga kwano a buɗe, ba ta tambayar wa ya bari, kan wanda ya fi kusa take ƙwanƙwasa. Ba a share ɗakin ajiya a bushe, sai an yayyafa ruwa. Idan kuma mutum ya fara kawo mata gulma, sai ta gyara zama a hankali ta juya masa kunnen hagu, ta ci gaba da ferar rogonta. Ni ce kaɗai a gidan da kullum nake zagayawa ta damanta kafin in yi magana, tun ina ƙarama, don haka ta fi sakewa da ni.

Wata rana ina taya ta fera na tambaye ta, in da gaske ciwon a jikin ɓera yake, me ya hana shi kashe ɓeran. Ta ajiye wuƙa, abin da ba ta cika yi ba.

"Na daɗe ina juya wannan," in ji ta. "Ai ya kashe. Ya kashe waɗanda zai kashe tun zamanin da ba mu sani ba, waɗanda suka jure su ne suka haifi na yanzu. Shi ma ciwon, wanda ya yi gaggawar kashe ɓeransa, tare aka binne su. Wanda ya bi a sannu shi ne ya samu wurin zama. Sun daɗe tare, sun san juna. Mu ne baƙi a tsakaninsu, shi ya sa yake yi mana kamun da bai san iyaka ba."

Daga baya, da na je kwalejin horon malamai, na tarar da wannan maganar a littafi da dogon Turanci. Na ji haushin littafin, don bai faɗe ta da kyau kamar yadda ta faɗa ba.

Shekarar da aka mayar da garin Lafiya babban birnin jiha, unguwarmu ta canza cikin 'yan watanni. Gonakin bayanmu aka yanka fuloti-fuloti, ma'aikata suka cika gari, kowa na neman ɗakin haya. Akwai wani tsohon maɗaci mai kogo a ƙarshen layi, aka sare shi aka yi katako. Mujiyoyin da ke cikin kogon suka rasa wurin zuwa, biyu suka shige ƙarƙashin jinkar tsohon rumbunmu da ba a amfani da shi. Uwata ta ce a kore su kafin su jawo mana abin da ba mu shirya ba. Gwaggo ta ce babu mai taɓa su. Ta ɗauko wata tsohuwar randa, ta fasa mata ƙofa a gefe, ta sa Baba ya hau tsani ya ɗaure ta a kwance a ƙarƙashin jinkar. Baba yana ɗaurewa yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Kowace safiya sai ta je gindin rumbun da tsinke. Mujiya tana haɗiye abin da ta kama ɗungurungum, daga baya ta amayar da gashi da ƙashi a dunƙule, kamar curin daddawa. Gwaggo ta fasa dunƙulen da tsinke, ta kira ni in gani: ɗan ƙoƙon kan ɓera, da haƙoransa biyu na gaba. Wani lokaci biyu a dunƙule ɗaya. Sai ta zuba musu toka ta binne. Idan magariba ta yi, tsuntsuwar ta yi wannan kukan nata mai tayar da tsikar jiki, kowa a layin ya shiga neman tsari, ita kuwa Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi, sai ta ce, "Ta fita aiki."

Faɗa mafi zafi da na ga sun yi da Baba a kan maganin ɓera ne. Da aka cinye dajin, ɓerayen gona suka dawo cikin gidaje, masu tallar guba suka samu kasuwa, suna yawo da matattun ɓeraye a igiya. Baba ya sayo ƙulli uku. Kafin ya dawo daga masallaci Gwaggo ta jefa su a masai.

"Yaya, ke yanzu lauyar ɓeraye ce?" in ji Baba.

"Ni lauyar mujiya ce. Ɓeran da ya ci gubarka ba nan take yake mutuwa ba, tangaɗi yake yi a fili, ita ta ɗauke shi ta kai wa 'ya'yanta. Ka kashe ɓera ɗaya, ka kashe mai kashe ɗari. Sannan ka jira ka gani. Mai haɗama zai ci ya mutu. Mai tsoron sabon abu zai shinshina ya wuce, mai ƙarfin ciki zai ci ya tashi, su ne za su haifi na baɗi. Guba ba ta da wayo, yadda aka haɗa ta haka za ta zauna. Mujiya kuwa, in ɓera ya ƙara wayo, ita ma cikin 'ya'yanta mai wayon ne zai ƙoshi ya rayu. Tare suke tafiya."

Kwana biyu ba su gaisa ba. Bayan damina biyu maƙwabta suka fara ƙorafin cewa maganin yanzu jabu ne, ɓera na ci yana ƙiba. Haka ta yi wa Baba a kan kulorokwin, maganin zazzaɓin sauro. Baba mutum ne da zai sha ƙwaya biyu, ya ji sauƙi, ya ɓoye sauran don gaba. Sai ta tsaya a kansa da kofin ruwa ta ce ya kashe ragwayen ƙwayoyin cutar ya bar jaruman, sauro zai ɗebi jaruman ya kai wa ɗan maƙwabci. Shekarar da maganin ya daina aiki har asibiti suka canza wani, kada wani ya ce muku ta yi kawaici. Sati guda ta yi tana tuna masa.

Sai ranin da ba na son tunawa ya zo. An ƙone sauran ciyawar bayan unguwa don farautar gafiya, kamar yadda aka saba, duk abin da ke cikinta ya gudo gidaje. Ɗaya daga cikin 'yan biyun Mai Inji, yarinya 'yar shekara tara da nake koyarwa a aji uku, ta kwanta da zazzaɓi. Aka yi allurar kemis, aka sake, bai sauka ba. Kwana goma ta rasu. Wani magini a bayansu ya bi ta. Gidaje uku suna da majinyaci, gidanmu kuwa ko ciwon kai babu, ga mujiya tana kuka a kan rumbunmu kowace magariba.

Ban san bakin da ya fara furta kalmar ba, amma cikin sati ta gama layin. Tsohuwa, ba ɗa ba jika, tana kiwon mujiya, tana tsintar ƙasusuwa da safe tana binnewa. Ban taɓa ganin abin da ya haɗa kan 'yan masallaci da 'yan coci a layinmu kamar wannan ba. Liman ya ce camfi ne, fasto ma ya faɗa a cocinsu, aka ce musu to, aka ci gaba. Aka daina sayen alabonta. Aka daina ɗibar ruwa a rijiyarmu. Iyaye biyu suka je wurin hedimasta suka ce a cire 'ya'yansu daga ajina.

Ranar na dawo gida raina a ɓace, na same ta tana juya alabon da babu mai saye. Ban zagaya ta dama ba. Na tsaya ta hagunta na ce, a hankali, "Da ma kin koma inda kika fito mun huta." Ba ta juyo ba. Na shige ɗaki ina jin kamar na sauke kaya, kafin la'asar kuma kayan ya dawo ya fi da nauyi. Wannan ita ce magana mafi muni da na taɓa faɗa wa wani mahaluki, kuma na zaɓi kunnen da ba zai rama ba.

Bayan kwana huɗu Maman 'Yan Biyu ta kwanta. Da hantsi sai ga Mai Inji a ƙofar gidanmu da mutane a bayansa, idonsa jawur. Abin da suke so sananne ne: idan ana zargin mutum da kama kurwar wani, sai a sa shi ya tsallake majinyacin, wai ta haka yake sakinta. Wanda ya tsallake ya amsa laifinsa ke nan har abada, wanda ya ƙi kuma an ce ya ƙi saki. Baba ya tare ƙofa yana rantsuwa. Gwaggo ta fito ta janye shi gefe, ta sa gyalenta, ta zura hannuwanta cikin leda biyu ta ɗaure a wuyan hannu, ta ce su je.

Na bi su. Matar tana kwance a tabarma a tsakar gidansu, fuskarta ta kumbura, ko 'yan'uwanta sun ja baya. Aka buɗe wa Gwaggo hanya.

"Mama, abeg," in ji Mai Inji, da Hausarsu da ba ta raba namiji da mace. "Na riga na binne ɗaya. Ka tsallake shi kawai, ba zan yi maka komai ba. Ka sake mini matata."

Gwaggo ta durƙusa ta duba idon matar da maƙogwaronta, ta tambayi kwana nawa ana allura. Sannan ta ɗago.

"Ba zan tsallake ta ba," ta ce. "Ɗaukar ta zan yi. Wannan ciwon na san shi, shi ya ci mini kunne. Ka nemo mota yanzu. In mun je kada ka ce musu zazzaɓin sauro ne, ka ce na ɓera ne, su keɓe ta. Kowa ya matsa, kada wanda ya taɓa amanta ko zanenta. Ni ya riga ya gama da ni."

Wani daga baya ya ce a tilasta ta. Ta juya masa kunnen hagu, ta tura hannu ƙarƙashin kafaɗar matar. Tsohuwa mai shekara sittin da wani abu tana ƙoƙarin ɗaga mace ita kaɗai, maza suna tsaye suna kallo. Sai Mai Inji ya juya da gudu ya tafi neman mota. Sati uku Gwaggo ta yi a barandar asibiti. Maman 'Yan Biyu ta dawo da ƙafarta, a rame, kunnenta ɗaya ya tafi.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe an samu sabuwa: wai ta ji tsoro ne ta saki kurwar a asibiti. Mai Inji, wanda baƙin cikin 'yarsa bai bar shi ya yi tunani ba, ya kai ƙara wurin Mai Unguwa cewa ko dai a kashe tsuntsayen a fasa randar, ko tsohuwar ta bar unguwa.

Aka taru da safe a ƙofar gidan Mai Unguwa. Gwaggo ta zo da tire a ka an rufe da faifai, da awartakin da ta aro wurin maƙeri. Da ta sauke tiren mutanen gaba suka ja da baya, ana zaton kayan tsafi ne. Ta buɗe. Dunƙulen mujiya ne na sati guda. Ta zauna a ƙasa ta shiga fasa su da tsinke ɗaya bayan ɗaya, tana jera ƙoƙunan kai a bakin tiren, har jerin ya zagaye tiren ya haɗe.

"Ranka ya daɗe, ga abin da nake kiwo," ta ce. "Wannan na sati ɗaya ne. Kowane ɗaya da ka gani nan, da yana cikin buhun wani. Yanzu ina roƙon a je gidan inji a ɗaga katakon da ake jera buhuna a kai. Duk layin nan can ake kai niƙa, ban da ni, da turmi nake daka nawa. In ba a samu komai ba, yau zan bar unguwar."

Mai Inji ya ce wurinsa a share yake, a je. Aka ɗunguma. Gwaggo ta sa aka fara yayyafa ruwa, ta ce kowa ya rufe hanci da baki, kada a sa hannu. Maza huɗu suka ɗaga katakon da sanduna. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ƙasan duk ramuka ne da sheƙa, ɓeraye suka watse ta kowace kusurwa, ta tsakanin ƙafafun mutane, Mai Unguwa da kansa ya tattare babbar riga ya haye benci. Aka buge ɗaya. Gwaggo ta ɗaga shi da awartaki ta juya cikinsa sama, ta bi da shi gaban mutane a hankali, nonuwa jere biyu har gindin wutsiya.

"Ga mayyar," ta ce. "Mun sare mata daji, mun ƙone mata ciyawa, mun kashe mai cin ta, sannan muka tara mata hatsi wuri ɗaya. Ina za ta je in ba wurinmu ba?"

Sai Maman 'Yan Biyu ta ratso mutane, tana dafa bango don ba ta gama warwarewa ba. A nan gidan injin 'yarta take zama bayan makaranta, tana tsintar gyaɗa da garin da ya zube tana ci. Ta tsaya gaban mijinta.

"Dokta ya faɗa mini, na faɗa maka, ka ƙi ji," ta ce. "Wannan mama shi ne ya wanke ni lokacin da 'yar'uwana sef ya gudu. Ka duba ƙasan injinka. Ka duba da kyau."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya zauna a kan buhu ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Ina tsammanin Gwaggo za ta faɗi wata magana mai zafi, don ta iya, kuma ta cancanta. Sai ta je ta tsaya kusa da shi ta ce, "Ba kai ka kashe ta ba, ba ka sani ba ne. Ka sa siminti a ƙasan nan, ka ɗaga buhunan sama. Kuma ina da wata randa."

Kafin damina, Mai Inji ya zuba simintin, randa kuma tana rataye a bayan gidan inji. Shekara ba ta zagayo ba sai da mujiya ta shiga. Daga nan abin ya zama yayi. Wanda ya fasa randa ba ya zubarwa, sai ya kawo wa Gwaggo ta nuna masa inda zai ɗaure, nesa da hayaƙi, ƙofar ba ta kallon rana. Matan alabo suka kafa rumfuna. Mai tallar guba ya daina shigowa layinmu, don mata suna yi masa ihu. Da ma'aikatan lafiya suka zo bayan wasu shekaru suna wayar da kai a kan ɓera da rufe abinci, Maman 'Yan Biyu ta bar su suka gama, sannan ta ce, "Sista, kun yi latti, mu muna da namu dokta." An sake jin ciwon a gari fiye da sau ɗaya, amma bai ƙara ɗaukar kowa a layinmu ba. Idan aka yabi mujiya, Gwaggo takan ce kada a ɗora wa tsuntsuwa abin da ya fi ƙarfinta, murfi da rumfa da siminti su ma suna aiki, kuma kada a saki jiki, don ɓera bai daina haihuwa ba, ciwon ma bai daina neman hanya ba.

A ciwonta na ƙarshe, cikin shekarar 2010, ni nake jinyarta. Wata la'asar ina ba ta kunu na ce akwai maganar da na taɓa faɗa mata wadda nake so ta yafe mini. Ta riƙe cokalin.

"Ranar da kika tsaya ta hagu?" ta ce. "Tun kina rarrafe ta dama kike zuwa mini. Ranar kaɗai kika tsaya ta can, na san abin da kika kawo ba mai daɗi ba ne. Ban ji ba, kuma kada ki gaya mini. Na yafe tun kafin ki shiga ɗaki."

Na yi kukan da ban yi ba tun shekarar. Ta ce in daina, kunun zai huce, kuma na bar kwanon a buɗe.

Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, Mai Inji ya shigo da tsani a kafaɗa, gashinsa duk ya yi fari. Ya ce ya lura igiyar randar rumbunmu ta ci, yana tsoron kada ta faɗo da ƙwai a ciki. Baba ya riƙe masa tsanin, ya hau ya canza igiyar da sabuwa, ya sauko bai yarda ya sha ko ruwa ba. Mata ba su watse ba har rana ta faɗi, tsakar gida cike, ana ta kwashe kwanoni. Sai kukan ya fito daga saman rumbu, dogo, mai kaifi, irin wanda a da yake sa a janye yara a rufe ƙofa. Masu kwashe kwanoni suka dakata. Na duba fuskokin nan da na sani, ina jira in ga wadda za ta fara neman tsari.

Matar mai shagon atamfa ce ta ɗaga kai ta kalli rumbun. Ta gyara wa jikarta zama a cinya, ta nuna mata da yatsa.

"Kin ji ta?" ta ce. "Ta fita aiki."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka makwancinta, Ya ba ta kunnuwa biyu a gidan da ba a faɗin abin da za a juya wa na hagu.